Ƙara a kulocin Golf 3 da taurin feda: shin dole ne sai an sauke giyabos?

Mai Golf daga Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota, musamman kanikawa da direbobin da suka daɗe da Golf a hannunsu. Motata Golf 3 ce wagon, ƙirar 1996, mai inji 1.8 da giyar hannu guda biyar, kuma shekara bakwai ke nan da na saye ta 'yar Kwatano ba tare da an taɓa buɗe kulocinta a hannuna ba. Ni malamin makaranta ne, kullum ina zirga-zirga tsakanin Samaru da cikin gari, sannan kusan kowane ƙarshen wata nakan je Kano gaida mahaifiyata tare da iyali.

Matsalar ta faro ne tun ƙarshen damina. Fedar kuloci ta riƙa ƙara tauri a hankali, ban ma farga ba sai ranar da na tuƙa motar wani abokin aikina, ita ma Golf 3, na ji tasa tana sauka da laushi, alhali tawa idan na shiga cunkoson Kwangila ƙafata ta hagu har sagewa take yi. Daga nan ta fara kuka irin na tsohuwar ƙofar langa-langa duk lokacin da na taka ta. Makonni uku da suka wuce kuma wata ƙarar ta daban ta ɓullo. Idan inji yana aiki, giya tana firi, ƙafata tana ƙasa, ba na jin komai, amma da zarar na ɗora ƙafa a kan feda na ɗan danna sai wani gurnani ya taso daga gaba ta gefen direba, kuma ba ya dainawa sai na ɗauke ƙafa. Bayan wannan, kulocin yanzu ba ya kamawa sai feda ta kusa dawowa sama gaba ɗaya.

Na kai ta gareji, bakaniken ya taka fedar sau biyu yana daga tsaye a waje, ya ce a sauke giyabos a canza filet, da diskin da ke matse shi, da boris ɗin kuloci duka. Ban ce ba shi da gaskiya ba, amma hankalina bai kwanta ba, domin ko zagaye ɗaya bai yi da motar ba, kuma kuɗin da ya lissafa sun kusa cinye albashina na wata. A ɗaya ɓangaren kuma ina tsoron ta ajiye ni da yara a hanyar Kano. Shin waɗannan alamomi duk ciwo ɗaya ne, ko kuwa abubuwa daban-daban ne suka haɗu? Akwai gwajin da zan iya yi da kaina a ƙofar gida kafin in yarda a sauke giyabos?

Tsohon Bakanike, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sawwaƙe. Na yi shekaru masu yawa a ƙarƙashin irin wannan mota kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka bari a kwance ko noti ɗaya sai ka gano daga inda kowace ƙara take fitowa. Daga bayaninka ina jin ƙara biyu ne, kuma da wuya a ce asalinsu ɗaya.

Ka fara da inji a kashe, da sassafe kafin unguwa ta yi hayaniya. Ka buɗe bonet, ka sa yaro ya riƙa taka feda a hankali yana saki, kai kuma ka bi da kunne. Duk ƙarar da ka ji inji yana kashe ba ta boris ba ce, tunda a lokacin babu abin da yake juyawa. Ko dai daga ƙusar da feda take lilo a kanta ne, can ƙarƙashin sitiyari, ko daga cikin kebur, ko daga hannun ƙarfen da kebur yake ja a jikin giyabos. Kukan ƙofar da ka kwatanta, tare da taurin da ya zo a hankali, ya fi kama da kebur ɗin da ya bushe ko silin wayarsa suka fara tsinkewa suna gogar rigarsa ta ciki. Hanyar tabbatarwa ita ce a cire ƙarshen kebur daga jikin giyabos, a ja wayar da hannu. Mai lafiya yana zamewa sumul, wanda ya mutu kuwa za ka ji yana cijewa kamar akwai yashi a ciki.

Bayan nan ka tayar da inji, ka bar shi a silo, giya a firi. Idan akwai ƙara alhali ƙafarka ba ta kan feda, sannan ta ɗauke da zarar ka taka kuloci har ƙasa, to matsalar tana cikin giyabos, galibi boris ɗin sandar da ke karɓar juyin inji, domin taka kuloci yana tsayar da wannan sanda. Idan kuwa shiru ne sai ka ɗan danna feda ƙarar ta taso, kamar yadda ka faɗa, to boris ɗin kuloci ne yake kuka saboda nauyi ya hau kansa. A wasu motocin, irin Peugeot 504, akwai ƙara ta uku wadda ba ta fitowa sai an taka har ƙasa, daga ɗan bushin da ke tsakiyar bayan inji, amma ka cire wannan daga lissafinka, giyabos ɗinka ba ya amfani da shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka dakata. A yawancin motoci boris ɗin kuloci yana tsakanin inji da giyabos ne, don haka ba a kai masa sai an sauke giyabos, kuma ina zaton da wannan sani bakanikenka ya yanke hukunci. Golf 3 mai inji 1.8 ba haka take ba. Giyabos ɗinta, wanda Volkswagen suke kira 020 kuma tun Golf 1 ake amfani da shi, an gina kulocinsa a juye: diski ne ake ɗaurewa a jikin inji, filet ya biyo baya, sannan fulawil ya rufe su daga waje. Boris kuwa yana can ƙarshen giyabos, a gidan giya ta biyar, kusa da tayar gaba ta gefen direba, kuma yana tura kulocin ne ta hanyar wata doguwar sanda siririya da ta ratsa ta tsakiyar giyabos daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ka lura da ka ce gurnanin daga gefen direba yake fitowa. Idan aka ɗaga motar aka cire wannan taya, za ka ga wani murfi zagayayye, galibi kore, a jikin giyabos. A bayansa boris yake, tare da wani ɗan ƙarfe mai kama da yatsa wanda yake danna shi. Aikin awa ɗaya ne zuwa biyu ga wanda ya saba, kuma giyabos yana nan a mazauninsa. Sai dai a sayi sabon murfi tun kafin a fara, domin tsohon ba ya fita sai an huda shi ko an lanƙwasa shi.

Game da kamawar kuloci a sama, kada ka yi saurin ɗora laifin a kan filet. Kebur ɗin Golf 3 yana da wata na'ura a jikinsa da take daidaita tsawonsa da kanta yayin da filet yake cinyewa, kuma idan ƙura da tsufa suka sa ta cije, kebur yana iya zama a ɗame kullum, kamar ƙafarka tana kan feda ko da ka ɗauke ta. Wannan shi kaɗai yana mayar da kamawa sama, kuma yana kashe boris. Ka taka feda sau biyar, sannan ka kama hannun ƙarfen nan na jikin giyabos ka danna shi ƙasa, wato akasin inda kebur yake jan sa. Ya kamata ya motsa kamar milimita 10 ba tare da gardama ba. Idan ya ƙi, na'urar ta cije. Ka yi waɗannan ka dawo mana da labari.

Direban Haya, Funtuwa:

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar, kuma ni shaida ne a kan maganar koren murfi, domin sau biyu ana canza mini boris ta nan. Amma ina so in ja hankalin Malam a kan abu biyu, kasancewar da irin wannan mota nake ciyar da iyalina.

Na farko, taurin feda ba kullum ne laifin kebur shi kaɗai ba. Idan filet ya cinye sosai, sifirin ɗin diski yana canza zama, sai ya buƙaci ƙarfi fiye da da kafin ya saki. Ni na taɓa canza kebur, feda ta ɗan yi sauƙi, na ci gaba da lodi ina murna, ashe nauyin daga cikin kuloci yake. Bayan 'yan watanni wannan yatsan ƙarfe da Baba ya ambata ya tsage a daidai haƙoran da suka riƙe shi, ina tsakiyar hanya da fasinja shida da buhunan masara a but. Feda ta faɗi ƙasa, giya ta ƙi shiga, sai da na kashe inji na sa lamba biyu na tayar da ita a haka, muka lallaɓa zuwa gari na gaba, wata tsohuwa a baya tana ta salati. Saboda haka idan an sa sabon kebur feda ba ta yi laushi kamar ta abokin aikinka ba, kada ka yi ta takawa da ƙarfi kana cewa ai tana tafiya. Kuma idan an buɗe murfin, ka sa a haska yatsan da tocila a duba ko ya fara tsagewa, tunda an riga an iso wurin.

Na biyu, mu direbobin haya da yawa mun daina sayen kebur mai gyara kansa. Muna sa na tsohuwar Golf 2 mai noti, wanda ake ɗaurewa da hannu, domin ba shi da abin da zai cije. Sharaɗinsa ɗaya ne: a bar wa feda ɗan wasa a sama, kamar milimita 15 zuwa 20 kafin ka ji ta fara ja, kuma a riƙa dubawa duk lokacin juyen baƙin mai, saboda wasan yana raguwa yayin da filet yake ci. Wanda ya san ba zai riƙa dubawa ba gara ya zauna a kan na asali. A kasuwar Kofar Ruwa ta Kano ana samun duka biyun, sai dai a buɗe ido, domin akwai masu arha da ba sa kai shekara.

Mai Golf daga Zariya:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode ɗan'uwa direba. Yau bayan sallar asuba na yi gwaje-gwajen tare da babban ɗana. Da inji a kashe kukan ƙofar yana nan, kuma da na dafa rigar kebur da hannu yana takawa, har a tafin hannuna nake jin karkarwar wayar tana gogawa a ciki. Hannun ƙarfen jikin giyabos kuma ya ƙi motsawa ƙasa ko kaɗan, kebur ɗin a ɗame yake kamar tsirkiyar baka. Da na tayar da inji na tsuguna kusa da tayar gefen direba, babu shakka daga nan gurnanin yake fitowa.

Sai dai na ga wani abin da ban ambata ba a baya. Da na leƙa ƙarƙashin motar, akwai danshin mai a daidai inda inji ya haɗu da giyabos, har ƙura ta manne ta yi baƙi, kuma akwai ɗigo ɗaya yana rataye. Ba ya zuba a ƙasa sosai, shi ya sa ban taɓa lura ba. Shin wannan yana da alaƙa da maganar da muke yi?

Malamin Kwalejin Fasaha:

Malam, yana iya zama da alaƙa, kuma a ganina shi ne zai yanke hukunci a kan ko za a sauke giyabos ko ba za a sauke ba. Ka lakato ɗigon da yatsa ka sansana. Baƙin mai na inji yana da ƙaurin ƙuna kuma baƙi ne, man giya kuwa yana da wani wari mai hawa kai kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda duk wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa. Idan na inji ne, ka fara duba sama, domin sau da yawa daga murfin kan inji yake gangarowa, kafin a zargi oyilsil ɗin bayan inji. Idan na giya ne, to akwai oyilsil biyu da ake tuhuma: na sandar giyabos mai karɓar juyin inji, da wani ɗan ƙarami da yake kewaye da siririyar sandar nan da Baba ya yi bayani. Wannan ƙaramin shi ne mugun, domin idan ya mutu mai yana bin sandar ya zuba a tsakiyar kuloci kai tsaye, juyin inji ya watsa shi a kan filet. Filet ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa, kuma duka oyilsil ɗin biyu ba a kai musu sai an sauke giyabos.

Don haka ka gwada ko kulocin yana zamewa, amma ka yi gwajin bayan an canza kebur, in ba haka ba kebur ɗin da ke ɗame zai ba ka amsar ƙarya. Ka sami miƙaƙƙen titi marar cunkoso, ka sa lamba huɗu kana tafiyar kilomita 40 zuwa 50, sannan ka taka totur har ƙasa kana kallon allurar juyin inji. Idan allurar da gudun motar suna hawa tare a hankali, filet yana riƙe. Idan allurar ta yi tsalle inji ya yi kuka amma motar ba ta ƙara gudu ba, yana zamewa. Na fi son wannan a kan gwajin da ake ja hambirki a saki kuloci a babbar giya, domin wancan yana ƙona filet ɗin da dama ya tsufa. Ka kuma lura da tashi a lamba ɗaya, ko motar tana karkarwa, ko da yake karyayyar kujerar inji ma tana kawo haka. Sannan ka taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga uku, ka sa ribas. Ribas ɗin wannan giyabos ba shi da zoben da ke daidaita gudun haƙora, saboda haka idan ya yi ƙara bayan ka jira, kulocin ba ya saki gaba ɗaya.

Abu mafi gaggawa shi ne a duba yawan man giya tun yau. Boris ɗin nan da man giyabos yake rayuwa, kuma shi da giya ta biyar su ne suke fara jin ƙishirwa idan mai ya yi ƙasa. Motar ta tsaya a wuri mai daidai, a kwance notin gefen giyabos mai rami, na 17, mai ya zo daidai bakin ramin. Wajen lita 2 yake ci, kuma 75W-90 mai alamar GL-4 ake so. Kada ka yarda a zuba maka kakkauran man nan mai lamba 140 da ake sa wa manyan motoci, domin da sanyin hunturu giya za ta riƙa yi maka gardama da safe.

Tsohon Bakanike, Kaduna:

Malamin kwaleji ya faɗi gaskiya, kuma maganar direba a kan yatsan ƙarfe abin riƙewa ce. Abin da zan ƙara shi ne tsarin aikin, don kada a ɓata kuɗi. A fara da kebur da boris da cika man giya a rana ɗaya. Idan an zaro boris, a jawo siririyar sandar ma a duba ƙarshenta, a mirgina ta a kan gilashi ko tebur mai santsi a ga ko ta lanƙwashe. A wanke wurin danshin nan tas da kananzir, ka yi mako biyu kana hawa, sannan a sake leƙawa. Ka duba saman gidan kuloci kuma, akwai wani rami da ake duba tayimin ta cikinsa wanda yake da toshiyar roba. Motoci da yawa da suka zo hannuna babu ita, an cire an yar, ƙura da ruwan wanki suna shiga kan kuloci kai tsaye.

Idan daga baya gwajin lamba huɗu ya nuna zamewa, to bakanikenka ya yi daidai, a sauke giyabos. A ranar kada ka yi rowar oyilsil: a canza na bayan inji, da na sandar giyabos, da ƙaramin nan tare da bushinsa, da farantin da sandar take turawa a tsakiyar diski, domin kada a sake biyan ladan saukewa. Kuma ka daina ajiye ƙafa a kan feda a cikin cunkoso, ka riƙa mayar da giya firi idan tsayuwar ta yi tsawo.

Mai Golf daga Zariya:

Assalamu alaikum. Na dawo da bayani kamar yadda Baba ya nema, kuma lallai da tsohuwar zuma ake magani. Na koma wurin bakanikena na karanta masa abin da kuka rubuta. Da farko ya ɗan ja, amma da muka cire tayar ya ga murfin da idonsa sai ya karɓi aikin da hannu biyu, har ya kira yaransa su zo su gani. Boris ɗin da aka zaro, da na juya shi a tsakanin yatsuna, yana ƙaraf-ƙaraf kamar an zuba masa tsakuwa. Yatsan ƙarfen lafiyarsa ƙalau, sandar ma a miƙe take, sai ɗan cin da ƙarshenta ya yi. Man giya kuwa sai da aka ƙara fiye da rabin lita kafin ya zo bakin rami. Na zaɓi kebur mai noti, aka bar wa feda wasa kamar faɗin yatsa, kuma da aka yanka rigar tsohon mun tarar silin waya huɗu sun tsinke sun cure a ciki.

Gurnanin ya ɗauke, kukan ƙofa ma babu, kamawar kuloci ta sauko wajen tsakiya. Fedar ta yi sauƙi sosai, ko da yake na sake taka ta abokin aikina, tasa ta ɗan fi laushi har yanzu, don haka ina riƙe da gargaɗin ɗan'uwa direba. Na yi gwajin lamba huɗu sau uku a hanyar Shika, allura ba ta yi tsalle ba, ribas ma yana shiga shiru.

Ɗigon man kuwa na giya ne, warin bai bar wata shakka ba. Mun wanke wurin ranar Asabar, yau kwana tara, danshi ya fara dawowa kaɗan amma bai kai ga ɗiga ba. Na yanke shawarar in riƙa duba man giya duk mako biyu, in fara sayen kayan ɗaya bayan ɗaya daga albashin wannan wata, a sauke giyabos a hutun ƙarshen zango idan Allah ya kai mu. Baba, idan na zo sayen filet da diski, tsakanin LuK da Sachs wanne ka fi amincewa da shi a wannan mota, kuma ta yaya zan bambance na gaske da jabu a kasuwa?